Godiya ga waɗanda suka yarda da ni lokacin da na ce bai warke ba

Alhamdulillahi, an rufe shari'ar Abban yara. Alƙali ya amince da diyyar, lauyoyin ɓangarorin biyu sun sa hannu, shekara 3 da wata 4 bayan motar kamfanin nan ta kaɗe shi. Da muka dawo gida na zauna a bakin gado da jakar takardu a cinyata, ko takalmi na kasa cirewa, sai babbar 'yata ce ta durƙusa ta zare min. Kwana biyu ke nan ina son rubuta wannan saƙo, hannuna yana ƙi.

Ba sai na maimaita muku abin da kuka riga kuka sani ba. Da ku aka yi kwana 19 na doguwar suma, da ku aka jira a fito da shi daga tiyatar kwashe jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, kuma duk ɗage zaman da aka yi a kotu kun ji shi daga bakina. Ranar da aka kai shi asibiti, likita ya ce min makinsa 6 a ma'aunin Glasgow, wanda ake auna zurfin suma da shi. Lokacin ban san ma'anarsa ba. Daga baya aka bayyana min cewa ma'aunin yana farawa daga 3 ya tsaya a 15, ana duba buɗe ido da magana da motsin jiki, kuma daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Wanda ya tashi daga 6 ya dawo yana taka ƙasa da ƙafarsa, me zan ce ban da godiya ga Allah?

Amma akwai yini ɗaya da ban taɓa ba ku labarinsa ba, kuma shi ne ya fi zama min a rai.

Wata na 5 ne. Yana tafiya, yana amsa gaisuwa, yana dariya, gashi ya fara rufe ɗinkin. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ai ya warke, sai hamdala." Ni da nake kwana da shi nake tashi da shi na san ba haka ba ne, amma idan na faɗa sai a dube ni kamar mai butulce wa ni'ima. Ana cikin haka wakilin inshora ya zo da takarda. Mutum ne mai ladabi, bai ɗaga mana murya ba. Abin da suka yi tayi zai biya bashin asibiti har a sami ɗan saura, mu kuwa bashi ya kai mana wuya. Wasu da ke wurin suka ce a karɓa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ni ma zuciyata ta karkata. Aka miƙa wa Abban yara biro, ya karɓa, ya gyara zama.

Sai Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar. Ya dube shi ya ce, "Ɗana, takardar mece ce wannan da za ka sa wa hannu?" Abban yara ya yi murmushi ya ce, "Ta sallama ce, Kawu, yau za su sallame ni daga asibiti." A falonmu muke zaune. An sallame shi wata 2 kafin wannan rana. Sau 3 wakilin inshorar ya karanta masa bayanin takardar yana gyaɗa kai.

Ɗakin ya yi tsit. Na ji sanyi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa. Kawu ya naɗe takardar ya miƙa min ya ce, "'Yata, bari ta kwana. Abin da yake naku ba zai gudu ba." Da lauya ta karanta mana ita daga baya, akwai layin da ya ce da zarar an sa hannu magana ta ƙare, ko me ya ɓullo nan gaba ba mu da bakin neman komai. A wata na 11 farfaɗiya ta fara kama shi. Likita ya ce hakan yana faruwa bayan rauni mai tsanani a ƙwaƙwalwa, wani bayan watanni, wani bayan shekaru. Da an sa hannu a ranar, da maganin da zai yi ta sha, da gwaje-gwajen, da duk abin da ya biyo baya, a wuyanmu kaɗai za su faɗo.

Kawu, na san ba ka son a ambace ka, ka yafe min. Allah ya sa hannun nan da ka ɗora a kan takardar ya karɓi littafinsa ta dama. Allah ya jiƙan iyayenka, ya raya maka zuriya, ya tsare ka daga ranar da za ka rasa mai tsaya maka.

Sai Sista mai aikin dare a ɗakin kulawa ta musamman. Ita ce ta same ni a baranda wajen ƙarfe 2 ta ce, "Ƙanwata, sayi littafi. Kullum ki rubuta abin da ya yi da abin da ya kasa, ki sa kwanan wata, kar ki yar da rasit ko ɗaya." Na cika littafi 7. A ciki akwai ranar da ya tsaya da buroshi a hannu bai san me ke biye ba, da ranar da ya daka wa ƙaramin ɗanmu tsawa saboda ƙarar cokali, ya dawo bayan minti 10 yana tambayar wa ya sa yaron kuka. Waɗannan littattafan aka ajiye a gaban alƙali lokacin da lauyan ɗaya ɓangaren ya ce mutumin da ke tafiya da ƙafarsa yana magana tiryan-tiryan zai iya komawa aiki. Sista, Allah ya haskaka miki dare kamar yadda kika haskaka min nawa.

Barista, ke kuma ban san ta inda zan fara ba. Ke kika fara gaya min akwai wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce ya wuce, amma shigar da ƙara daban, gaggawar karɓar sulhu daban. Kika ce mu jira har likitoci su iya faɗin inda jikinsa zai tsaya, domin sauƙi ya fi sauri a watannin farko, daga nan ya riƙa tafiyar hawainiya har shekara 2 ko fiye. Ni a da na ɗauka diyya kuɗin asibiti ce kawai. Ke kika zaunar da ni muka lissafa albashin da ya rasa da wanda zai rasa har shekarun ritaya, da maganin da zai buƙata nan gaba, da mai kula da shi idan ƙarfina ya ƙare, da raɗaɗin da ya sha, da jin daɗin rayuwa da aka raba shi da shi. Har aikina da na ajiye don jinyarsa kika ce a sa a lissafi, na ce ai mijina ne, kika ce eh, kuma wahalarki ba kyauta ba ce ga wanda ya jawo ta. Ke kika nace a yi masa hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI, ya nuna ƙananan raunuka a zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa waɗanda hoton farko bai kama ba. Ke kika nemo ƙwararriyar da ta yi yini 2 tana gwada tunaninsa da riƙe magana da tsara aiki, ta rubuta abin da na daɗe ina faɗa ba a ji. Allah ya ɗaukaka ki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ina gode wa direban da ya tsaya a wurin hatsarin, ya bar lambarsa, kuma ya zo kotu sau 2 ba tare da ya san mu ba. Ina gode wa masu gashin ƙashi da suka koya masa hawa matakala, da malamar koyon magana, da maƙwabcinmu da bai taɓa kashe wayarsa da dare ba tun da farfaɗiyar ta fara. Allah ya biya ku da abin da ya fi, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya sa kada ku ga irin wannan a kan naku.

Akwai kuma waɗanda jini ya haɗa su da shi, na yi ta duban ƙofa ko zan gan su. Na ba su uzuri, kowa da abin da ke gabansa. Cikin makon nan wayarsu ta fara shigowa, na kuma amsa da sakin fuska. Abin da zan ce kawai, kuɗin nan ba a hannunsa yake ba, ba a hannuna yake ba. Likitoci sun tabbatar ba zai iya juya dukiya da kansa ba, don haka an sa shi ƙarƙashin kulawar amintattu, ana fitar da na magani da na kulawa bisa lissafi. Shekararsa 41. Wannan kuɗi shi ne zai riƙe shi har ƙarshen kwanansa.

Diyya ba ta dawo masa da jin ƙamshi da wari da ya rasa ba. Mutumin da ya yi shekara 16 yana gyaran wutar lantarki, wanda tun daga bakin ƙofa yake jin ƙaurin waya, ran nan yana zaune soket na ƙonewa a bayansa bai ji komai ba, sai 'yarsa ce ta shigo da gudu. Har yanzu ya san sunan kowace waya da aikinta, amma wanne za a fara, wanne zai biyo, nan ne abin ke kuɓuce masa. Ba ya tuƙi. Da rana ta raba, gajiya ta kwantar da shi kamar wanda ya yi dako. Mun kafa allo a bango, komai na yini a rubuce yake, waya kuma tana tuna masa magani. Kwanan baya shi da kansa ya duba allon ya ce min lokacin ɗauko yara ya yi, na shiga ɗaki na yi sujada.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take. Ku zo da hantsi, mutum biyu ko uku, domin hayaniya tana rikita shi. Don Allah kada ku ce masa "Ka gane ni?", ku faɗi sunanku kawai ku zauna. Idan ya maimaita muku labari sau 3, ku saurara. Na karanta masa wannan saƙo kafin in sa, ya ce in ƙara da matar da ke goge ɗakin asibiti da asuba, wai muryarta ce abu na farko da yake tunawa bayan ya farfaɗo. Baiwar Allah, ban san sunanki ba, amma ya ce a gaishe ki.