Yadda na ƙera jirgin yaƙin PT-109 da katakon maɗaci

Ni haifaffen Katsina ne, kuma ruwa mafi faɗi da na sani tun ina yaro shi ne na madatsar Ajiwa, amma hannuna ya saba da ƙira tun zamanin da muke haɗa motar kara da ta langa-langa a ƙofar gida. Wannan sabo ne ya dawo mini da na karanta labarin PT-109, ƙaramin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai harba tofido (wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa), wanda John F. Kennedy ya jagoranta kafin ya zama shugaban ƙasa a 1961. Kafin wayewar garin 2 ga Agusta 1943, jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri ya banke shi a tsibiran Solomon, mutum 2 daga cikin 13 da ke cikinsa suka rasa rayukansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan jirgi da ake turawa ya tunkari manyan jiragen ƙarfe cikin duhu, da katako aka yi jikinsa.

Kamfanin Elco ne ya ƙera shi a garin Bayonne na jihar New Jersey a 1942, tsawonsa ƙafa 80, faɗinsa ƙafa 20 da inci 8. Domin ƙera ɗan ƙaramin kwaikwayonsa na zaɓi ma'aunin 1 bisa 48, wato kowane inci ɗaya a nawa yana madadin ƙafa 4 a na ainihi, saboda haka tsawon ya kama inci 20 cif, faɗin kuma inci 5 da 'yar ɗoriya. Lissafin bai ba ni wahala ba. Katakon ne ya ba ni.

Karon farko na sayi guntun katako mai kauri a cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, na kai wa wani dattijon kafinta a wajen Ƙofar Marusa ya yanke mini. Ya ɗaga shi ya jinjina, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, sannan ya ce, "Malam, wannan iccen bai gama shan iska ba." Na ce, "Baba, ai a ɗaki zai zauna." Bai ƙara magana ba. Na yi mako shida ina sassaƙa, ina rarake cikinsa, ina gogewa da samfefa har ya yi sumul. Da hunturu ya kankama a Disamba, wata safiya na tarar da tsaga ta taso daga hancin jirgin har tsakiyarsa, mai faɗin da reza take shigewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kwanaki ban taɓa shi ba.

Da na koma kan bayanin yadda aka gina na ainihin, sai na ga amsar tana nan tun farko. Masu ginin sun jera siraran filankan mahogani hawa biyu a karkace, hawa na biyu ya gitta na farko, suka shimfiɗa ƙyalle mai gam a tsakani. Hikimar kuwa a fili take ga duk wanda ya san itace: katako yana tsukewa ne ta faɗinsa idan ya bushe, da ƙyar yake tsukewa ta tsawonsa, don haka idan aka gitta hawa biyu kowane yana riƙe ɗan'uwansa. Mu kuma a nan muna da maɗaci, wanda dangin mahogani ne. Na koma wurin dattijon, ya ciro mini ragowar wata tsohuwar ƙofar maɗaci da ta shekara da shekaru a rumfarsa, ya tsaga mini ita siri-siri kamar tsinken tsire.

Nan ne aikin ya yi daɗi. Na kafa ƙashin baya da haƙarƙari, na riƙa jiƙa filankan a ruwan zafi domin su lanƙwasu a wajen hanci ba tare da sun karye ba, ina manna su ɗaya bayan ɗaya, ina danne kowane da allura har gam ya kama. Ruwan jiƙon yakan rine ya yi ja, ɗacin maɗacin kuma ya zauna a yatsu har dare. Da hawan farko ya cika na shimfiɗa ƙyallen akoko, na bi da hawa na biyu. Filanki huɗu ko biyar nake yi a rana, domin na lura idan na ƙara, na baya yakan goce kafin ya bushe.

Kayan sama ba su ɗauki lokaci ba. Tofido mai kaurin inci 21 yana komawa kusan milimita 11 a wannan ma'auni, sai na yanka bututun harba shi guda huɗu daga tsohuwar eriyar talabijin. Farfela uku, ɗaya ga kowane injin jirgin ƙirar kamfanin Packard, na yanke su daga gwangwanin madara, bindigogin kuma da wayar jan ƙarfe.

Fenti ya sake haɗa ni da hunturu, don shafin farko ƙura ta bi shi ya yi kaushi. Daga nan sai na riƙa yayyafa ruwa a daɓen ɗaki bayan sallar Asuba, in shafa koren fenti mai duhu, in kife kwali a kai. Ranar gwaji na cika baho da ruwa, 'yata tana riƙe da fitila, jirgin ya ɗan kishingiɗa hagu, na sa ɗan gutsuren dalma a cikinsa ta dama ya daidaita. Yanzu ya ga hunturu biyu a kan kanta babu tsaga ko ɗaya. A rumfar dattijon kuma akwai wani maɗacin da yake shan iska tun bara, wanda na tanada domin jirgin tofidon Jamus samfurin S-100, mai tsawon kusan mita 35, wanda a ma'aunina zai kai santimita 73.