Daga Miller's Point zuwa Fish Hoek a jirgin masu ceto

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tsakiyar Kef Tawun ya nufi kudu yakan ci kusan awa guda kafin ya kai Fish Hoek. Daga Muizenberg layin dogon yake manne wa bakin teku, ya bi ta St James da Kalk Bay, duwatsu a dama, ruwan False Bay a hagu. A watan Disamba na bi hanyar, lokacin da Afirka ta Kudu ke tsakiyar zafi, kuma lokacin da iskar kudu maso gabas ke kwana da kwanaki tana kaɗawa ba hutu. Tun daga taga ana ganin aikinta: tekun ya yi fari fat da kumfa har iya ganin ido. Wannan iskar ce ta kawo ni, domin da ita ake tseren safski, kuma a jirgin masu ceto aka ba ni wurin zama.

Safski kwale-kwale ne siriri na mutum ɗaya, wani na mutum biyu. Tsawonsa ya ɗan haura mita 6, faɗin na gwanaye bai kai santimita 45 ba, nauyinsa kuma tsakanin kilo 10 zuwa 15. A rufe yake ruf, cikinsa iska ce, matuƙi a samansa yake zama cikin wani ɗan gurbi. Akwai feda biyu a gaban ƙafafunsa, igiyoyi sun haɗa su da ɗan allon sitiyari da ke ƙarƙashin wutsiyar jirgin. Filafilin mai baki biyu ne. Jirgin ba ya nutsewa ko ya kife, amma rashin nauyin da ke sa shi gudu shi ne babban haɗarinsa, kuma kusan duk dokokin da na ji ranar a kan wannan suka ta'allaƙa.

Daga Fish Hoek muka hau mota da jiragen ɗaure a kan tirela, muka ratsa Simon's Town, garin sojojin ruwa, muka wuce gaɓar Boulders, har Miller's Point, inda ake fara tseren. Daga nan zuwa rairayin Fish Hoek ta ruwa kusan kilomita 12 ne, iska da igiyar ruwa a bayanka. Gwanaye sukan yi ta cikin ƙasa da minti 40, matsakaitan matuƙa kusan awa guda.

Kafin kowa ya taɓa ruwa sai ya bi ta teburin rajista. A rubuta sunansa, lambarsa, launin jirginsa, lambar wayar da ke jikinsa, da ta wanda za a kira idan wani abu ya faru. Ya sa hannu. Lambar a liƙa ta a gaban jirgi inda za a iya karanta ta daga nesa. Wannan takardar ita ce uwar tseren: da ita za a ƙirga waɗanda suka shiga, da ita za a ƙirga waɗanda suka fito. An ba mu kwafi a cikin leda, wani kwafin ya koma Fish Hoek a mota.

Sai binciken kaya, kuma a nan aka fi daɗewa. Mai binciken ba ya karɓar "ina da shi", sai ya gani ya taɓa.

Rigar ruwa ce farko. A jiki ake so a gan ta, a ɗaure, ba a maƙale a bayan jirgi ba, don wanda ya faɗa cikin teku mai motsi ba zai iya saka riga yana riƙe da jirgi da filafili ba. Mai binciken yakan kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta zame ta kai kunnuwa, to a ruwa ma haka za ta yi, sai a ƙara ɗaure ta. Irin da masu tsere ke sawa ƙarfin ɗagawarta niyutan 50 ne, wato kusan ƙarfin ɗaga kilo 5. Za ta riƙe mutum a saman ruwa, amma ba za ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama ba. Ya kamata duk mai sa ta ya san iyakarta. Launi ma da muhimmanci: ruwan lemo ko ɗorawa mai ƙyalli. Baƙar riga a cikin teku ɓata ce.

Na biyu igiyar ƙafa, wadda ni a ganina ta fi komai. Gefe ɗaya a ɗaure a ƙasan gwiwa, ɗayan a jikin jirgi. Dalilinta a fili yake. Idan mutum ya faɗi a iska mai gudun kilomita 45 ko 50 a awa, jirgin da ba kowa a kansa mirginawa yake yi a kan ruwa, iska na tura shi, kuma babu mai ninkayar da zai kamo shi, balle da riga a jiki da filafili a hannu. Taku biyu tsakaninka da shi ya isa. Daga nan an rasa abin hawa, an kuma rasa abu mafi girma da masu ceto za su hango. Inda igiyar ke cin amana wuri uku ne: maɗaurin kar-kar da yashi da gishiri suka cinye har ya daina kamawa, ƙugiyar ƙarfe da ta yi tsatsa, da kuma mariƙin da ke jikin jirgin kansa. Na ga mai binciken yana fizgar kowace igiya da ƙarfinsa. Ta wani saurayi ta ɓalle a hannunsa, aka ce ya nemo wata ko ya koma mota. Ya samo aro.

Na uku waya, cike da caji, a cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a aljihun rigar ruwa, an ɗaure jakar da zare. A jikin mutum ake son ta, domin wayar da ke kan jirgi tare da jirgin za ta tafi. A kanta akwai manhajar SafeTrx, wadda ƙungiyar ceto ta NSRI ke amfani da ita. Ƙungiyar ta 'yan sa-kai ce, an kafa ta a 1967, kuma tana da tasha a Simon's Town. Matuƙi yana kunna manhajar kafin ya tashi, ita kuma tana aika inda yake lokaci bayan lokaci. Sai usur a rataye a riga, da wutar neman agaji mai jan haske, irin mai kamar alƙalami, wadda kwanan watanta bai ƙare ba. Ana harba ta da hannu a miƙe, a bi da ita inda iska ta nufa, nesa da fuska. Wasu sun ƙara da ƙaramin rediyon ruwa, wanda tasharsa ta 16 ita ce ta kiran gaggawa a ko'ina a duniya.

Abu na ƙarshe da aka duba shi ne igiyoyin sitiyari. Idan ɗaya ta tsinke a tsakiyar teku, allon sai ya karkace gefe guda, jirgin ya dinga zagaye. Masu dabara suna ajiye guntun roba da za su cusa su kafe allon a tsakiya, ko su ɗaura roba mai talewa tun daga gida yadda feda ɗaya za ta iya tuƙi.

Da aka gama, shugaban tseren ya tara kowa ya yi bayani a tsaye, iska na ɗauke rabin muryarsa. Ya faɗi ƙarfin iska da tsayin igiyar ruwa bisa hasashen ranar, ya faɗi hanya: a fita daga mashigar, a kewaye dutsen Bakoven, a juya, a saiti hasumiyar fitilar Roman Rock, daga nan a nufi Fish Hoek. Ya faɗi lokacin da za a rufe hanya. Wanda bai wuce hasumiyar ba kafin lokacin, jirgin ceto zai ɗauke shi, kuma babu gardama. Alamar neman taimako ita ce a ɗaga filafili tsaye a kaɗa shi. Wanda ya ga ɗan'uwansa cikin matsala wajibi ne ya tsaya, za a mayar masa da mintunan da ya ɓata, wanda ya wuce kuma za a soke sakamakonsa. Mai cin wani a guje shi zai kauce, domin hancin safski da ke gangarowa daga kan igiyar ruwa yana iya fasa jirgi ko haƙarƙari. Wanda ya janye ya fita a wata gaɓa daban, ya kira teburi nan take. Wannan ya maimaita shi har sau biyu.

Rukuni-rukuni aka sallame su, marasa sauri a gaba, gwanaye daga baya, don kada jerin ya yi tsawon da jiragen ceto ba za su iya rufe shi ba. Kowane rukuni ya jeru tsakanin jirgin alƙalai da wata ƙatuwar balan-balan ta alama, aka busa ƙaho. Wanda ya riga ƙaho ana ƙara masa lokaci. Namu jirgin, na roba mai inji, shi ne na shara: ba mu wuce mutum na ƙarshe.

Fitowar farko ita ce mai wuya. Kafin a kai Bakoven iska da ruwa ta gefe suke bugun jirgi, kuma a nan sababbi suka fi kifewa. Ga ciyawar teku mai kauri kusa da gaɓa; in ta maƙale a allon sitiyari jirgi sai ya yi nauyi, maganinta a tsaya a tuƙa da baya har ta zame. Da suka juya suka ba iska baya, sai tafiyar ta canza. Matuƙi ya yi bugu huɗu ko biyar masu ƙarfi, igiyar ruwa ta ɗauke shi, ya ɗaga filafili yana tuƙi da ƙafa kawai, idonsa na neman rami na gaba.

Daga cikin jirgin ceto ne mutum ke gane dalilin launi da igiya. Idan ruwa ya kai tsayin mita 2, jirgi mai mita 6 ɓacewa yake yi tsakanin tudu da tudu, sai ka ƙirga daƙiƙu kafin ya sake bayyana. Farin jirgi a cikin farin kumfa ba ya rarrabuwa. Kan mutum kuwa, ba tare da jirgi ba, bai fi ƙwarya a gulbi ba. Aikina shi ne riƙe takarda da kiran lambobi, matuƙinmu kuma ya hana ni sauke ido daga duk wanda ya faɗi sai ya koma kan jirginsa.

Kafin Roman Rock wani ya kife a gabanmu. Muka rage gudu muka tsaya nesa kaɗan, domin doka ta ba shi damar hawa da kansa. Ya yi yadda ake koyarwa. Ya jawo jirgin da igiyar ƙafa, ya mayar da shi daidai, ya koma gefen da iska ke fitowa. Wannan matakin ne mutane ke mantawa: in ka tsaya a ɗaya gefen, iska za ta turo jirgin kanka, ƙafafunka su shige ƙarƙashinsa. Ya haɗa filafili da bakin gurbi a hannu ɗaya, ɗayan hannun a maɗaurin ƙafa, ya harba ƙafafu har jikinsa ya kwanta a saman ruwa, ya ja ƙirjinsa ya ɗora a kan gurbin, ya murɗa ya zauna ƙafafunsa biyu na lilo a gefe guda. Bai yi garajen shigar da su ba. Sai da ya yi bugu biyu jirgin ya fara tafiya, sannan ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa kansa da tafin hannu, alamar lafiya lau, ya ci gaba.

Hawan farko da na biyu su ne masu ƙarfi; kowane faɗuwa bayan nan yana cin hannu, sanyi kuma na ƙarawa. Ruwan False Bay da ɗan dama-dama a lokacin zafi, amma a ɗaya gefen wannan zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, wajen Tekun Atlantika, wannan iskar takan kore ruwan sama, na ƙasa mai sanyi ya taso, har ya sauka wajen digiri 10 zuwa 13. Ta can ne tseren Cape Point Challenge, mai kusan kilomita 50, yake farawa kafin ya kewayo ya ƙare a Fish Hoek, shi ya sa ba a barin kowa ya shiga sai ya tsallake tseren share fage. A irin wannan ruwan, minti na farko numfashi ne ke ƙwacewa, aikin mutum kawai ya riƙe jirgi ya daidaita shi. Bayan kamar minti 10 yatsu sun fara ƙin kamawa. Don haka duk abin da ke buƙatar yatsa, kiran waya ko harba wuta, da wuri ake yin sa, ba sai an gaji da gwada hawa ba.

Mun wuce Roman Rock, hasumiyar da aka kunna tun 1861, tsaye a kan dutse a tsakiyar ruwa, ruwa na fashewa a gindinta. An ce a ba ta fili sosai, kowa ya ba ta. Bayanta kaɗan wata mata ta ɗaga filafili. Igiyar sitiyarinta ce ta tsinke. Matuƙinmu ya zagaya ta ƙasan iska, ya fuskanto ta hancin jirgi na kallon igiyar ruwa, ya cire giya kafin mu matso, saboda farfela. Mutum aka fara ɗauka, aka lulluɓe ta da bargo, sannan aka jawo safskin aka kwantar a gefe. Nan take na kira lambarta ta rediyo aka rubuta a Fish Hoek cewa ta janye, tana hannunmu.

Shiga Fish Hoek na da nasa sharaɗi. A hagu akwai duwatsun Sunny Cove, kuma wanda ya gaji yakan bar iska ta kai shi can. A kan dutsen da ke saman garin akwai masu gadin kifin shak, a rairayin kuma tutarsu: kore idan ruwa a bayyane yake ba a ga komai ba, baƙa idan ba a gani sosai, ja idan haɗarin shak ya ƙaru, a yi hattara, fara mai hoton shak tare da jiniya idan an hango shi, kowa ya fita. Ranar baƙa ce, saboda kumfa. Dab da inda ruwa ke karyewa a gaɓa, matuƙa suna kwance igiyar ƙafa, domin a nan jirgin da igiyar ruwa ta fizga yana iya jan ƙafa ya gurɗe gwiwa, ko ya dawo ya bugi mai shi. Kuma ba a tsayawa tsakanin jirgi da rairayi.

Kowa ya tsallake layi ya ajiye jirgi, ya je teburi ya sake sa hannu a gaban sunansa. Da muka shigo bayan na ƙarshe, aka haɗa takardarmu da tasu, layi ɗaya ya rage babu sa hannu. Ba a kashe injinmu ba. Aka kira wayar mai sunan, aka duba manhaja, wani ya ruga wajen ajiye motoci. A can aka same shi yana wanke jirginsa, ya gama tseren lafiya ya wuce teburin. Aka ƙara masa lokaci a sakamako kamar yadda aka faɗa tun a Miller's Point, ya zo ya sa hannu, sannan shugaban tseren ya sanar ta rediyo cewa jiragen ceto su fito daga ruwa.