Ayaba ɗaya a Hada

Ni na jefa ayabar, da hannuna. Na fara da wannan ne domin har yau in aka ɗauko zancen a gidanmu a Makka, kowa ni yake juyowa ya kalla.

Zafin watan Agusta ne ya kora mu Ɗa'if, garin kan dutse mai sanyi, kamar kowa. Muka haura hanyar Hada mai murɗe-murɗe lafiya lau, muka sami wani lambun shaƙatawa a gefen gari, ciyawa shar, bayansa duwatsu. Aka shimfiɗa darduma, aka buɗe tiren kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama ta Larabawa, ga fulas ɗin shayi, ga inabin Ɗa'if.

Sai ga wata gwaggon biri a kan katanga, jaririnta maƙale a cikinta, ta zuba mana ido. Surukata ta ce, "Baban Ummi, kada ka soma." Na ce, "Hajiya, ai sadaka ce."

Ayabar ba ta gama sauka ƙasa ba na gane cewa ba ita kaɗai ba ce. Ashe dutsen nan cike yake da su. Suka gangaro ƙwansu da kwarkwatarsu, a gaba wani ƙaton namiji mai furfurar gashi har kafaɗa, fuska jawur. Ya wage baki, na ɗauka hamma yake, har na yi dariya ina kallonsa ido cikin ido. Daga baya aka gaya min gargaɗi ne, haƙoransa yake nuna min, ni kuma na ƙure shi da ido kamar mai neman faɗa. Bai ko kula kabsar ba, yaransa suka ji da ita. Jakar maiɗakina ya sura, don akwai ledar dabino a ciki.

Muna tsaye muna kallo ya zauna a kan dutse, ya yage jakar, yana ciro kaya ɗaya bayan ɗaya yana sunsunawa yana wurgarwa. Waya ta tarwatse. Tabaran Hajiya ya bi ta. Iƙama kuwa, wato katin izinin zama a Saudiyya, na tsinto ta a cikin ƙaya bayan la'asar, da sawun haƙori a gefe.

Wani mai sharar lambun ya ce min in gode Allah jami'ai ba su gan ni ba, don ciyar da biran nan tarar riyal 500 ce. Ya ce irina ne suka lalata su: sun saba da burodi da shinkafa, sun bar kiwo a dutse, suna ta hayayyafa, ga su yanzu a gonaki da kwandon shara. Ban ce uffan ba. Duk wannan a kan ayaba ɗaya!

Yanzu in mun je, abinci a but ɗin mota yake, gilas a rufe, kuma ba mai riƙe leda a hannu, don ƙarar leda kaɗai ta isa ta kira su. Nesa da katanga muke shimfiɗa.

Ran nan Hajiya ba ta yi magana ba duk gangaren Hada. Sai da muka shigo Makka ta gyara mayafi ta ce, "Baban Ummi, Allah ya karɓi sadaka."