Ganyen dankalin da na saya a intanet

A ƙarshen watan nan zan bar maɗaba'ar da na yi shekara 6 ina tsara mata littattafai da fastoci a nan Jos, kuma cikin duk ayyukan da suka bi ta hannuna babu wanda ya tsaya mini a rai kamar ɗan littafin manoman dankalin Turawa.

Wata ƙungiya ce ta kawo aikin, tana son a raba shi a Bokkos da Mangu kafin damina ta zauna, domin manoma su gane cutar nan da ke ƙone ganyen dankali idan sanyi da lema suka haɗu, wadda takan cinye gona cikin 'yan kwanaki. Da yawa daga cikin waɗanda za a ba littafin ba rubutun za su bi ba, hoton za su duba su kwatanta da abin da ke kan kunyoyinsu. Saboda haka na ba da shawarar a ɗauki wani matashi da ya karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a biya masa kuɗin mota ya bi malamin gona, ya zana abin da idonsa ya gani. Maigidana ya dubi kuɗin da matashin ya yanka, ya ce, "Malam, duk wata muna biyan Freepik, don me za mu sake biyan wani?" Freepik ɗin nan kamfani ne mai sayar da hotuna da zane-zane a intanet. Na yi shiru, kuma wannan shirun laifina ne, ban taɓa musunsa ba.

Na rubuta sunan cutar da Turanci, sai ga hotunan kanti, kamar yadda muke kiran zane-zanen da ake sayarwa a shirye, sun cika allon kwamfuta. Na zaɓi wanda ya fi ɗaukar ido, wato ganye mai tabo ruwan ƙasa, kowane tabo da zobba a cikinsa. Abin da ban sani ba shi ne cututtukan biyu ne, kuma sunayensu na Turanci sun kusa zama ɗaya. Mai zobban takan fara da tsofaffin ganyen ƙasa, tana tafiya a hankali. Wadda ake tsoro kuwa tana fitowa kamar an watsa wa ganye tafasasshen ruwa, baƙi-baƙi ba zobe, da farar fumfuna a bayan ganyen idan akwai raɓa. Masu ɗora irin waɗannan hotuna sukan jera musu kalmomi barkatai don su riƙa fitowa a bincike, kuma ba aikin kamfanin ba ne ya kira malamin gona ya tantance.

Sai da aka buga, aka ɗaure, aka kai, sannan wani malamin gona ya buɗe shafi na uku ya ce wannan ba ita ba ce. Da an raba shi, da wani manomi ya tsaya yana jiran zobba har gonarsa ta ƙone, bai ɗauki abin feshi ba. A gaban mutanen ƙungiyar maigida ya ce yaronsa ne bai yi bincike ba, bai ko ambaci shawarar da ya ƙi ba, kuma daga albashina aka riƙa cire kuɗin takarda har wata uku. Daga bisani matashin nan aka kira. Ya kwana biyu a Bokkos, ya dawo da ganyen gaba da baya, da manomi riƙe da garma cikin rigar sanyi irin wadda ake sawa a can, ba mai malafa a kan tarakta ba.

Ban ce a guji hoton kanti ba. Don furen katin ɗaurin aure, ko adon gefen shafi, ko alamar waya da ambulan, ɓarnar kuɗi ce a kira mai zane. Sai dai a karanta lasisi, domin abin da ka saya maƙwabcinka ma yana iya sayensa, kuma lasisin yau da kullum na Shutterstock, wani kamfanin sayar da hotunan kanti, bai yarda a mayar da hoto tambarin kamfani ba. Idan kuwa mai zane za a ɗauka, a rubuta yarjejeniya, saboda dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar wa wanda ya zana haƙƙinsa sai in an yi wata yarjejeniya, kuma miƙa haƙƙin sai a rubuce. A ba shi kafin alƙalami, a yanke yawan gyaran da zai yi tun farko.

Bugu na biyun yana nan a kan kantar ofis, shi maigida ke fara nuna wa duk wanda ya kawo sabon aiki. Kuɗin da aka cire mini ba a mayar ba, kuma ko yanzu da nake tattara kayana abin yana yi mini ciwo.