Ƴar kwalbar ruwan da na raina

Ƙannena masu shirin shiga labo a nan Yamai, bari in ba ku labarin ƴar kwalba guda da na raina, ta cinye mini aikin sati uku.

Lokacin ina neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, ta hanyar PCR, wato dabarar ninka ADN (sinadarin gado) na ƙwayar har a iya ganinsa, cikin ɗigon jinin da aka shanya a takarda. Ƙa'ida ce a kowane zubi a ware kwalba ɗaya wadda babu jinin kowa a ciki, sai ruwa zalla da kayan haɗi, don a gane ko haɗin ya gurɓata. Ni kuwa na dubi tsadar sinadarin Taq (wanda ke kwafar ADN ɗin) da daɗewar da yake yi kafin ya iso daga waje, na ce wannan ɓarna ce. Na daina sa ta.

Har murna nake yi, don duk ramin da na zuba a jel, inda ake duba sakamako, sai layi ya fito ɓaro-ɓaro ƙarƙashin fitila, alamar akwai ƙwayar. Da malamata ta duba hotunan, tambaya ɗaya ta yi mini: "Ina ta ruwan?" Na sake zubi da ita. Ruwan ma ya fito da layinsa. Jikina ya yi sanyi.

Ku fahimci dalili. Na'urar PCR tana ɗumama haɗin zuwa digiri 95, ta sauko wajen 55, ta hau 72, kuma kowane zagaye yana ninka ADN sau biyu. Zagaye 30 na iya mai da guntu ɗaya fiye da biliyan. To, da ka buɗe murfin kwalbar da ta gama, feshin ADN ɗin da ido ba ya gani ya bazu. Ni kuma da pipet (abin zuƙar ruwa a auna) ɗaya nake zuba jel, da ita nake sabon haɗi, a tebur ɗaya.

Don Allah ku raba wurin haɗi da wurin jel, kowane da pipet ɗinsa, kuma kada abin da ya shiga ɗakin jel ya komo baya, ko da alƙalami ne. Ku yawaita canza safar hannu. Barasa ba ta lalata ADN. Ruwan jabel ne ke wannan aikin. Kayan haɗi kuma ku rarraba su ƙanana-ƙanana kafin ku sa a sanyi, in ɗaya ta gurɓata sauran su tsira.

Abin da ya fi ci mini rai, jinin wasu yaran ya riga ya ƙare a takarda. Iyayensu sun amince an soki yatsunsu, ni kuma ba ni da abin da zan sake gwadawa.