Na sayi mota da takardunta, ashe inshorar ba tawa bace

Watanni hudu da suka wuce na sayi wata Corolla a hannun wani makwabcinmu, mutumin kirki ne wlh, ya bani makulli ya bani takardu cikin leda ya ce min inshorar ma saura wata bakwai ta kare, ba sai na kashe kudi ba. Naji dadi, na jefa ledar a aljihun gaban mota na manta da ita.

Ranar wata Laraba da yamma wajen shataletalen Dangi a Kano birki ya dan makara min na daki bayan wani dan adaidaita sahu. Alhamdulillahi ba wanda ya ji rauni, amma bayan keken ya lotsa, fitila ta fashe, tayar baya daya ta karkace har bata juyawa. Yaron bai yi min ihu ba, ya dai zauna a bakin kwalta ya rike kai yana cewa "yallabai keken ba nawa bane, balas nake kaiwa kullum". Wannan maganar har yau bata bar ni ba.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa akwai inshora. Washegari na tafi ofishin kamfanin da takardata, ma'aikaciyar ta duba sunan da ke jiki ta duba katin shaidata ta ce Malam ai wannan ba kai bane. Ta yi min bayani cewa yarjejeniyar inshora tsakanin kamfani ne da wanda ya yanka, su shi suka sani, ranar da ya sayar da motar bashi da sauran hakki a cikinta, ni kuma da na saya ban taba kulla komai da su ba. Da mun zo tun farko an sanar da su sun amince an maida sunana, ko na yanki sabuwa, da ba haka ba.

Abin da ya fi bani haushi shine kudin ba wani yawa bane. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta maida inshorar nan ta kare hakkin wanda ka yiwa barna daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Dubu goma sha biyar fa! Ni kuwa tsakanin mai gyaran bodi da kayan gyara da balas din kwana tara da keken ya yi a gareji, abin da ya fita daga aljihuna ya ninka haka sau da yawa, don hakkin yaron bai fadi ba, yana kaina ni mai tuki.

Mu dai mun dauki inshora takardar nunawa 'yan sanda ce kawai, musamman tunda suka fara kamen marasa ita a Fabrairun 2025, idan an duba an ga kwanan wata bai wuce ba shikenan an wuce. Amma ai tun dokar 1945 da ta wajabta inshorar mota ba don shingen hanya aka kawo ta ba, don mutumin da zaka buge ne. Ni ina da halin biya shi yasa yaron ya koma aiki, to da wanda ya buge shi irin wanda ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi motar ne fa? Ko da kafa ce ta karye ba fitila ba?

Yanzu na yi canjin sunan takardun gaba daya, na yanki takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, da sunana tunda hankalina ya fi kwanciya da ita, na kuma saka lambar motar a shafin NIID, inda ake duba sahihancin inshorar mota, na tabbatar tana ciki, don jabun takardu ma sun yi yawa a wajen masu yi a bakin ofishin lasisi. Makwabcin nawa da na bashi labari shima cewa ya yi wallahi bai taba sanin haka abin yake ba, kuma mota uku ya taba sayarwa kafin tawa.