Mako Na Uku Da Wayoyin Tsohuwar Vespa

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon na ƙare shi ne a kan wayoyi uku da ke fitowa daga bayan fankar inji zuwa akwatin CDI, wanda ke tara wuta ya aika wa fulogi. Wayoyin su ne ja da fara da koriya. Vespa ɗin da na gada daga baffana ƙirar PX ce, samfurin da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1977, kuma shekarun da ta kwashe tana shan zafin inji da baƙin mai sun sa robar wayoyin ta bushe har tana marmashewa a hannu kamar ɓawon gyaɗa. Koriyar ita ce mai kai wutar tayarwa, ita ce kuma ake haɗawa da gangar jiki idan za a kashe inji, saboda haka duk lokacin da tsirarar wayar ta taɓa ƙarfe sai fulogi ya daina ba da wuta.

Na tarar wani ya taɓa murɗe wayoyin ya naɗe su da tef, amma mai ya narkar da gam ɗin ya bar danƙo kawai. Na yi ta yankewa har sai da na iso inda jan ƙarfen yake ƙyalli, domin dalma ba ta kama wayar da ta yi baƙi. Ina amfani da dalma mai kashi 60 na kuza da 40 na darma, wadda ke narkewa a wajen digiri 190, mai ƙaro a cikinta. Wadda ake haɗawa da asid ta masu gyaran lagireto ce, kuma a hankali take cinye waya. Bakin ƙarfen narkar da dalma kuwa wayar ake ɗora wa shi har ta yi zafi ta sha dalmar da kanta. A tsakar gida iskar hunturu ta riƙa sanyaya mini ƙarfen mai wat 40, haɗin yana fitowa dusu-dusu, sai da na koma zaure ya fara fitowa da sheƙi.

Robar nan mai tsukewa da zafi ta burge ni ƙwarai. Ana zura ta a waya tun kafin a yi haɗin, a tura ta nesa, don na rasa guda biyu da suka tsuke tun ban gama ba saboda na bar su kusa da zafi. Ta gama-gari tana komawa rabin faɗinta, mai gam a ciki kuwa kashi ɗaya bisa uku, kuma ita na zaɓa wa gefen inji saboda tana hana mai da ruwa shiga. Ina barin santimita guda a kowane gefe, in fara hura zafi daga tsakiya. Ban kuma jera haɗin ukun wuri ɗaya ba, kowanne na ba shi tazara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayar fitilar gaba. Na haɗa ta daidai wuyan babur, inda kai yake juyawa, bayan kwana huɗu ta karye a bakin haɗin. Dalma takan bi cikin silin wayar ta sandarar da shi, sai girgiza da lanƙwasa su taru a iyakar wurin da ya sandare. Robar ba ta yage ba, shi ya sa ido bai ga komai ba sai da na sa mitar gwajin wuta. A ganina, wayar da ke ratsa wuya a sauya ta ɗungurungum, a ɗaura sabuwar a jikin tsohuwar a jawo ta ta cikin gangar jiki, haɗin kuma ya zauna inda ba ya motsi, a ɗaure shi.

Yanzu inji yana tashi a kik na biyu. Saura wayar fitilar birki, wadda sai na sauke tanki kafin hannuna ya kai gare ta.